Gam ɗin da Verna ta Ƙara wa Ruwa

Gonar Stucky, yamma da Newton, Kansas
28 ga Afrilu, 1957

Ƙanwata Lorene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, kuma tarin nan da kika ce iskar teku ta sa miki ya sake ki. Mu nan lafiya lau, gwiwata ta dama ce kawai take tuna mini shekaruna duk safiya. Alkama ta yi kyau bana, irin kyan da Orval ba ya son a faɗa da ƙarfi don kada ƙanƙara ta ji.

To, albishirinki, na gama ɗinke jirgin saman nan! Jiya na ɗaure ƙulli na ƙarshe a yadin babban fiffike, yatsuna duk sun yi kanta. Shekara huɗu ke nan mijin yayarki yana ƙera wannan abu a ɗakin shanu, shanun kuwa suna waje suna leƙensa ta taga. Rabonki da jirgin tun yana zane a bayan kalanda, don haka bari in kwatanta miki. Ƙaramin fiffike ne a gaba, babban yana baya, farfela kuma can a gindi tana turawa. Orval ya ce da wannan tsari nasa, in matuƙi ya ɗaga hancin jirgi fiye da kima, jirgin da kansa zai sunkuyar da kai, ba zai rikito kamar na ƙanensa Waldo ba. Kin san tun rasuwar Waldo wannan tunani bai bar shi ba.

Maƙwabcinmu Menno Penner ya zo ya kewaya shi sau biyu ya ce, "Orval, don Allah ta ina ne gabansa? Faɗa mini in san inda zan gudu." Shi ya raɗa masa suna Agwagwa, sunan kuma ya bi shi har ƙofar coci. Mai dubawa na gwamnati ya zo a Maris kafin mu rufe katakon da yadi, ya haska ko'ina da tocila ya sa hannu. Ranar Asabar takwas ga Yuni Orval zai tashi da shi, in ya tafi daidai kuma, a Agusta ya kai shi taron masu ƙera jirgi a gida can Wisconsin. Yana ta waƙa a kan tarakta kamar sabon ango.

Ba ɗinki kaɗai na yi ba fa, duk gam ɗin da ke jikin jirgin nan ni na kwaɓa shi. Garin nan ne da ake yi da madara, a kwanon Mama mai shuɗin baki nake dama shi. Orval yana da doka: duk kwaɓi sai a manna guntayen katako biyu da ragowar, a rubuta kwanan wata. Bayan mako ya fasa da guduma, in katakon ne ya tsage ba gam ba, sai ya rataye a igiya. Igiyar ta kusa kai bango da bango.

Ga abin da zai ba ki dariya. Ranar sha tara ga Fabrairu na kwaɓa da ƙarfe takwas na safe, sai ga saniyar Menno ta kasa haihuwa, aka zo aka ɗauke Orval. Bai dawo ba sai uku na yamma. Na duba kwano, gam ya yi kauri kamar kunun da ya kwana. Jikin gwangwanin ya ce a zubar bayan awa huɗu. In zubar? Ni 'yar Mama? Na ɗan tsiyaya masa ruwa na juya, ya dawo sumul. Orval ya shafa a allunan da ke riƙe gindin babban fiffike, ko lura bai yi ba. Na kankare kwanon tas, ɗigo bai rage na gwaji ba. Shi ya sa igiyar take da giɓi ɗaya, yana ta neman guntun ranar, ya ɗora wa kare laifi. Kada ki tona ni.

Ki riƙa cin abinci, hotonki na Kirsimeti duk wuya ne.

Yayarki,
Verna

San Diego, California
5 ga Mayu, 1957

Yaya Verna,

Na samu wasiƙarki, na gode. Tari ya yi sauƙi. Ki riƙa ɗaure gwiwar da tsumma mai ɗumi, ki gaishe da Orval.

Ban yi dariya ba, Yaya. Shekara goma sha ɗaya ina duba sassan jirgi a kamfanin nan, hatimina ne na ƙarshe kafin kaya ya fita, kuma wasiƙarki ta sa na kasa cin abincin rana. Gam ɗin madara in ya wuce lokacinsa ya riga ya fara kamawa a cikin kwano. Ruwa yana mayar masa da laushi, ba ya mayar masa da ƙarfi. A ido zai yi kyau, tocilar mai dubawa ba za ta ga komai ba.

Amsa mini waɗannan. Alluna nawa aka manna ran nan? Duk na gindin fiffike ne, inda yake haɗuwa da jikin jirgi? Akwai ƙusoshi a wurin, ko gam ne kaɗai yake ɗauke da nauyin?

In a gindin ne, nauyin jirgin duka da na Orval ta nan yake bi. Dole a farke yadin a duba. Dole kuma ki faɗa masa kafin takwas ga Yuni. In kaya irin wannan ya zo teburina, jan fenti nake shafa masa a jefa a kwandon shara.

Ki amsa mini da wuri.

Lorene

14 ga Mayu, 1957

Lorene,

Muna lafiya. Gwiwa na nan yadda take, tsumma bai yi mata komai ba.

Na karanta takardarki, don ba zan kira ta wasiƙa ba. Tambaya ɗaya, biyu, uku, kamar ina gaban alƙali. Sannu, mai hatimi! Na ba ki labari irin na 'yan'uwa, kin mayar mini da jan fenti da kwandon shara. Aikina na shekara huɗu ne shara?

Ke kin tafi birni kin manta yadda muka tashi. A shekarun farin nan, wa ya ga Mama tana ƙara wa miyar kabeji ruwa in baƙi suka faɗo? Wa ya mutu? Da wannan hali aka raine ki har kika yi girman da za ki koya mini kwaɓi. Na ƙara wa fenti ruwa, na ƙara wa sitaci, na ƙara wa farar ƙasa, gidan nan yana tsaye.

Kin san abin da kike cewa in yi? Ƙulli dubu uku da ɗoriya na ɗaure, an shafe su da fenti shafi tara. In aka farke, babu Yuni, babu Wisconsin, ga girbi a bakin ƙofa. Mutumin nan shekararsa hamsin da tara. Jiya na same shi zaune cikin jirgin a ɗakin shanu, hular Waldo a kansa, yana juya sandar tuƙi yana yin ƙarar inji da baki. In je in ce masa me? Matarka ta cuce ka don rowar rabin kofin gam?

Alluna huɗu ne, tunda kin tambaya. Na je na danna wurin da hannuna biyu, ko motsi bai yi ba.

Verna

San Diego
21 ga Mayu, 1957

Yayata,

Ina fatan kina lafiya, ke da Orval. Ni lafiyata ƙalau, sai dai zuciyata ba daɗi tun da na karanta wasiƙarki.

Ki yafe mini. Na sake tuna abin da na rubuta, na ga da muryar aiki na yi miki magana. Tsoro ne ya sa, ni in na tsorata sai bakina ya bushe in koma lissafa tambayoyi. Ban manta miyar Mama ba, ban kuma manta wadda take tura mini nata kwanon ta ce ta ƙoshi ba. Ban taɓa raina hannunki ba, ɗinkinki ya fi na matan da ake biya a nan.

Amma Yaya, miya in ta tsinke, yunwa ce kawai za a ji da wuri. Hannunki biyu kuma ba su kai nauyin da iska za ta ɗora wa wurin nan ba in jirgi ya karkata.

Kada ki yarda da ni. Ki yarda da dokar mijinki. Kwaɓa gam kaɗan da ƙarfe takwas, ki bar shi har uku, ki ƙara ruwa daidai yadda kika yi ran nan. Manna guntaye biyu, ki ɓoye su mako guda, sannan ki sa guduma. In katakon ne ya tsage, na yi alkawari ba zan ƙara ta da maganar ba, kuma ki kira ni mai hatimi har mu tsufa. In gam ne ya saki, ke kin san abin yi, ba sai na faɗa ba.

Kwana goma sha takwas suka rage. Ni na tsaya kusa da matar Waldo a maƙabarta, ba na son in tsaya kusa da ke.

Ƙanwarki,
Lorene

San Diego
12 ga Yuni, 1957

Yaya,

Kuna lafiya? Don Allah kuna lafiya?

Mako uku ke nan babu ko layi ɗaya daga gare ki. Asabar ta zo ta wuce. Na buga waya sau uku, mai haɗa layi ta ce wayar yankinku ba ta shiga. Na je shagon da ake sayar da jaridun wasu jihohi na sayi ta Wichita, birnin da ke kusa da ku, har ta kwana uku, na bi ta shafi shafi, har sanarwar rasuwa. Ban ga sunansa ba, amma wa zai buga labarin ɗakin shanu a jaridar birni?

In fushi kike yi, ki yi ta yi, amma ki rubuto kalma biyu. In kuma wani abu ya faru kina ganin zan ce ai na faɗa, wallahi ba zan ce ba. Jakata a haɗe take. In ƙarshen mako mai zuwa ya yi ban ji komai ba zan hau jirgin ƙasa.

Lorene

16 ga Yuni, 1957

Lorene tawa,

Kwance jakarki. Kowa lafiya, Orval yana nan da ƙafafunsa biyu, yanzu haka yana wasa wuƙaƙen injin girbi. Iska ce ta kayar da turakun waya Lahadin da ta wuce, amma ba zan laɓe a bayanta ba. Kunya ce ta hana ni rubutu.

Na yi gwajinki, kuma don in kunyata ki na yi. Na ɓoye guntayen a bayan kwalaben tsami a ɗakin ƙasa. Ranar uku ga wata na sauka da guduma. Lorene, ban ma buga da ƙarfi ba. Suka rabu ɓas, fuskokin biyu sumul suna sheƙi, ko zaren katako ɗaya bai biyo gam ɗin ba. Na zauna a kan matakala.

Kwana uku ina yawo da su a aljihun rigar girkina. In buɗe baki, sai in ji shi yana waƙa, in rufe. Ranar Alhamis, saura kwana biyu, na soya masa ƙwai, na ajiye guntayen kusa da farantinsa. Ya ɗauka ya shafa da babban yatsa.

"Wannan na yaushe ne?"

"Na makon jiya ne," na ce. "Amma irinsa ne a gindin fiffikenka. Ba kare ba ne, Orval. Ni ce."

Na faɗa masa duka, tun daga saniyar Menno. Ya cinye ƙwansa, ya goge farantin da burodi, ya ɗauki hula ya fita. Na ji tarakta ta tashi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi, na yi ta wanke kwanon da na riga na wanke.

Da rana tsaka ya dawo, ya wasa 'yar wuƙarsa a dutse, ya miƙo mini ta wajen ƙota. Ya ce, "Ke kika san inda ƙullin yake." Da hannuna na farke ɗinkina, fentin yana ƙara yana tsagewa, ina hawaye ina yanka. Da katakon ya bayyana, ya zura bakin kurfin sassaƙa a ƙarƙashin allo na farko, ya ɗan murɗa. Allon ya faɗo ƙasa. Na biyu haka, na uku haka. Na huɗun ne kaɗai ya ɗan yi gardama.

Ya kife bokiti ya zauna, ya daɗe yana kallon allunan a ƙasa. Na san Waldo yake gani. Can ya ɗago ya ce, "Verna, shekara talatin da ɗaya ina shan miyarki, sai yau na gano sirrinta."

Na kai masa duka da tsumman hannuna, ina kuka ina dariya. Ya riƙe hannuna ya ce rabin laifin nasa ne. Shi ya kafa dokar igiya, ya ga giɓi da idonsa, amma don yana ɗokin gamawa ya ɗora wa kare ya wuce.

Mun manta ba mu aika wa kowa cewa an fasa tashin ba. Ranar Asabar sai ga motoci cike da fili, mata da kwandunan abinci, har fasto da tabaron hangen nesa, sun zo kallon tashin Agwagwa, suka tarar da ita ciki a buɗe. Orval ya fara cewa an samu 'yar matsala, na tare shi. Na tsaya a ƙofar ɗakin shanu na faɗa musu da bakina. Sai Menno ya cire hula ya ce, "To ni dai saniyata ce ta jawo, ku ba ni ita in je in yi mata faɗa." Matar fasto ta matso ta raɗa mini cewa ita ma da haka za ta yi. Muka shimfiɗa abincin a ƙarƙashin fiffike muka cinye.

Babu Wisconsin bana. Bai ambata ba ko sau ɗaya, ni ce abin yake ci. Ki yafe mini maganganun da na faɗa miki.

Verna

Orval ya ce in bar masa wuri: Lorene, na gode. Kin fi tocila gani. O.

San Diego
23 ga Yuni, 1957

Yaya,

Na gode Allah. Ina lafiya yanzu, da ban kasance ba. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, na zauna a kan dakali na yi kuka har mai gidan haya ta fito da ruwa.

Babu abin yafewa. Na ga manyan injiniyoyi sun ɓoye abin da bai kai wannan ba, ke kuwa kin tsaya gaban fasto.

Abu ɗaya nake roƙo. In kun sake manna allunan, ki aiko mini da guntun gwajin ranar. Ba don ban yarda ba. To, don ban yarda ba ne kaɗan.

Mai hatimi

20 ga Oktoba, 1957

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, an gama shukar alkama, har ta fara tsirowa. Gwiwa ta ce in gaishe ki.

Agwagwa ta tashi!

Bari in bi da ke a hankali. Bayan girbi muka yanka sababbin alluna muka manna. Orval bai tsaya nan ba. Ya kife fiffiken a kan bencina, maza shida suka yi ta jera masa buhunan alkamarmu har nauyin ya ninka na jirgin sau huɗu. Fiffiken ya lanƙwasa, ni na rufe ido, Menno yana cewa a bar shi ya fita tukuna. Aka sauke buhuna, ya miƙe ya koma yadda yake. Sannan na sake ɗinki, mai dubawa ya sake zuwa.

Ranar Asabar sha biyu ga wata, da sassafe, iska ko ganye ba ta kaɗawa. Wannan karon ba mu gayyaci kowa ba, amma ƙarar injin ta gayyato su. Orval ya sa hular Waldo, ya gudu a filin ciyawa sau biyu bai tashi ba. A na uku sai na ga haske tsakanin tayoyin da ƙasa. Ya haye layin itatuwa, da dogon wuyan nan a gaba. Menno ya yi ihu, "Ashe can ne gaban!"

Da ya yi sama sosai sai na ji ya rage inji, na ga hancin yana ɗagawa, yana ɗagawa. Na san abin da zai gwada, na damƙe shingen waya har ya huda mini tafi. Jirgin ya ɗan tsaya, sai ya sunkuyar da kai a hankali, kamar tsoho mai gyangyaɗi a coci, ya ci gaba da tafiyarsa. Sau uku ya yi haka. Minti ashirin da biyu ya yi a sama, ni kuwa idona bai bar gindin fiffiken nan ba.

Da ya sauka bai fito nan da nan ba. Na je na same shi ya cire hular ya ɗora a cinya, fuskarsa sharkaf. Ya ce, "Ya yi, Verna. Da Waldo ya samu irinsa." Na ce ya fito abinci na hucewa, don in na ƙara kalma ɗaya ni ma zan ɓarke.

Guntayen nan biyu da suka rabu a ɗakin ƙasa, ya huda su ya rataye a giɓin igiya, ya rubuta sha tara ga Fabrairu. Na ce ya cire, ya ce nan ne wurinsu. Ya kuma sayo wa kare ƙashi a mahauta, wai bikon ƙazafi. Baɗi in Allah ya kai mu za a je Wisconsin, ki nemi hutun Agusta tun yanzu.

Ga guntun da kika roƙa a cikin ambulan. Na ranar da muka manna sababbin allunan ne, ni na fasa shi, sai da na buga sau biyar. Duba da kyau, katakon ne ya tsage. Ki buga masa hatiminki ki mayar mini, igiya na jira.

Ran nan gam ya rage a kwanon Mama, ya kai rabin kofi, sabo fil. Na zuba masa ido har awa huɗu ta cika. Sannan na ɗauka da hannuna na kai bayan ɗakin shanu na zubar. Lorene, har yau in na bi ta wurin sai na kawar da kai.

Yayarki,
Verna